Gawar da Aka Juya Gabas a Badagry

Mai yi wa baƙi jagora ne ya tsinci gawar, a ɗakin ƙarshe na tsohon sansanin Turawa da ke bakin teku a Badagry, inda a da ake tara bayi kafin a loda su a jirgi. Alhaji Zulkifilu ne, shugaban 'yan goron Agege, wanda ya ɗebo mutanensa goma sha takwas yawon buɗe ido. An fasa masa ƙeya da sarƙar bayi, irin wadda ake ajiyewa baƙi su gani.

Kafin azahar ta washegari Agege ta gama yanke hukuncinta. Dickson ne, direban da ya kai su, tunda kowa ya ji cacar bakinsu da Alhaji a hanya. Matasa sun riga sun ƙone motarsa da fetur, yanzu kuma sun cika ƙofar ofishin 'yan sanda, inda ake tsare da shi, suna neman mai motar. Sufeto Lai'atu, wadda aka damƙa wa binciken, ta san ƙofar nan ba za ta jure wani yinin ba, kuma tsoro ya kama ta sosai.

Hoton da jagoran ya ɗauka kafin a taɓa gawar shi ya tsaya mata a rai. Alhaji na kwance a kan gefen damansa, idanu a rufe, an ɗaure masa haɓa da farin ƙyalle.

Ta fara da Dickson.

"Me ya haɗa ka da Alhaji?"

"Madam, gudu ya ce ina yi kamar direban bas ɗin danfo. Na ce ya zo ya tuƙa. Shi ke nan fa! Ni ko sansanin ban shiga ba, kifi nake ci a bakin ruwa."

"Kwanta ka nuna min yadda ake kwantar da mamaci."

Ya dube ta kamar ta zare, sannan ya miƙe rigingine, ya ɗora hannuwa a ƙirji. Haka ake yi a cocinsu, haka ake yi a nata.

Ta kira jagoran a waya. Shi ba ya cikin zargi, don bai rabu da ayarin ba sai da aka nemi Alhaji aka rasa.

"Ina fuskar gawar take kallo?"

"Inda suke kallo in za su yi salla, oga madam."

"Ɗakin ba taga. Wa zai san gabas a ciki?"

"Wani baba ya tambaye ni tun muna shiga, na nuna masa. Shi ne Alhaji ya rataya wa sarƙa a wuya, ya faɗi wata magana da Hausa, kowa ya yi dariya."

Ruwa ba ya tsami banza. Mutum biyu ta tambaya aka faɗa mata sunan baban: Malam Barau, mai wankan gawa na unguwa. Maganar da Alhaji ya faɗa kuwa, duk wanda ta tambaya sai ya hau kallon ƙasa, wai wasa ne.

Ta same shi a zauren gidansa yana jan carbi.

"Baba, a bayaninka ka ce ba ka koma ɗakin ba."

"Haka na ce, 'yata."

Ta ajiye hoton a gabansa. "Ɓarawo ba ya rufe wa mutum ido. Dickson bai san a juya gawa dama ba. Sauranku duk suna wurin salla a bakin teku, sun shaidi juna, kai kaɗai babu wanda ya tuna a wane sahu ka tsaya. Wannan ɗaurin haɓar kuma aikin hannun da ya saba ne."

Daga nesa ana jin ihun matasan.

"Baba, yau za su ƙone yaron nan da ransa."

Carbin ya tsaya.

"Cewa ya yi, 'Ga sarƙar kakanka, Barau, ta yi maka daidai.' Kakansa ne ya sayi kakana, gaskiya ne. Saboda haka ya hana ɗana Kamal auren 'yarsa, na haɗiye. Amma a gaban jama'a, a ɗakin nan da ya ci mutane? Na same shi shi kaɗai na ce ya janye. Ya sake dariya." Ya share ido. "Da ya faɗi, sai na ga Musulmi a yashe. Shekara talatin ban bar gawa haka ba. Hannuna ne ya ƙi."

Shi da kansa ya taka har ƙofar ofishin, ya faɗa wa matasan da bakinsa. Suka watse ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya nemi gafarar kowa.

Lai'atu ta buɗe wa Dickson ƙofa ta ce ya tafi gida. Ya leƙa titi, ya dawo da kansa ciki.

"Wane gida, madam? Maƙwabcina ne ya kawo fetur ɗin."