Ɓawon da Nélida Ta Hana

Doña Zoila ta dire tukunya a kan tebur har ruwan ɓawon itacen ya fantsama cikin abinci.

"Gobe babu zuwa asibiti! Ga maganin Arístides nan."

Nélida, matar ɗanta, ta ji kamar ta kurma ihu. Shekara bakwai tana binciken wannan ɓawon a birnin Iquitos, sau ɗaya tak ta yi suɓul da baka wajen cin abinci, ta ce yana kashe ƙwayoyin ciwon daji. Shi ke nan fa! Tsohuwa ta damƙe rabin zance, ta yi watsi da sauran.

"Mama, a cikin farantin gwaji na ce yana kashewa. Baba kuwa mutum ne."

"Ji ta! Dakta manya! Kin samo magani kina ajiye wa Turawa, uban mijinki yana ta ramewa a gabanki."

Nélida ta dubi mijinta. "Wilmer, ka ce wani abu mana!"

"Ki bar ta, Nélida. Mama ce."

"Shi kuma wancan na kwance fa, waye?"

Ya tashi ya fita. Mako uku kuwa ko gaisuwarta ba ya amsawa da kyau, ƙannensa mata suna ganinta sai tsaki. Sau biyu ranar ƙarin ruwan maganin surukinta Don Arístides tana wucewa. Takaici ya ishe ta, ta yi kuka ta gaji, amma kullum ita ke dama wa tsohon kunun ayaba, ita ke wanke zannuwansa.

Wata safiya ta durƙusa gaban surukarta. "Mama, kin yi gaskiya, ina ɓoye abu. Zo ki gani da idonki."

A ɗakin bincike ta ajiye faranti biyu, ta gyara mata na'urar hangen ƙwayoyi.

"Waɗannan na ciwon ne. Jiya na zuba musu ruwan ɓawonki."

Doña Zoila ta leƙa, ta tafa hannu. "Sun mutu! To, me na ce?"

"Leƙa ɗayan."

"Su ma sun mutu ai."

"Ƙwayoyin hanta ne, Mama, lafiyayyu, su ma ruwan ɓawonki na zuba musu. Shekara bakwai nake neman yadda zan raba kisan nan biyu, har yau ban samu ba."

Tsohuwa ta ɗago daga na'urar. Ta ce, "Kofi uku nake ba shi kullum."

Kafin azahar Wilmer ya goyo ubansa zuwa asibiti, Doña Zoila na riƙe da hannun Nélida gam. Likita ya ce hantar ta taɓu, amma an zo da sauran lokaci.

A baranda Wilmer ya kasa haɗa ido da ita. "Ki yafe mini. Na ji tsoron ɓacin ran Mama, na kusa rasa Baba."

Ta yafe, ko da yake sai da ta ja masa rai kwana biyu, kuma ya cancanta.

Jama'a, wanda ya haƙura da baƙin jini ya tsaya kan gaskiya don ranka, shi ne masoyinka. Tukunyar nan dai yanzu wake ake dafawa a ciki.