Mai Karanta Labarai a Bakin Murhu

Riskuwa irin yarinyar nan ce da in ka haɗu da ita a unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi, kafin ka sha kwana ka manta kamanninta. Ba ta taɓa zuwa ta ɗaya a aji ba, ba ta kuma taɓa zuwa ta ƙarshe ba. Abin nan kuwa yana ci mata tuwo a ƙwarya. Shi ya sa da gida ya yi shiru sai ta zaro muciya daga tukunya, ta kara a baki, ta lumshe ido. Nan take tsakar gida ya koma ɗakin talabijin, duniya kaf ta yi tsit tana sauraronta.

"Masu kallonmu, barkanmu da warhaka! Riskuwa Maigandi ke magana..."

A haka Inna Sakinatu, mahaifiyar saurayinta Tamba, ta riske ta ranar da ta taso daga Argungu don maganar lefe. Ta yi sallama ba a amsa ba, sai ga yarinya tana yi wa bango murmushi.

"Innalillahi! Da wa ɗiyag ga ka magana? Mutanen ɓoye na! Aradu ɗana ba shi kwaso min iska!"

Ko ruwa ba ta sha ba ta juya. Maganar aure ta tsaya cak. Uwar Riskuwa ta yi kuka, ubanta ya kira malami aka yi ta ruƙiyya. Ita kuwa gwanar ta ja bakinta ta tsuke, don kunya. Kuma in za a faɗi gaskiya, har ɗan daɗi ta ji da unguwa ta fara nuna ta da yatsa. Amma in ta tuna za ta rasa Tamba, sai zuciyarta ta karye.

Ran nan ya zo a kan mashin, rigarsa na ƙanshin albasar gonarsa.

"Riskuwa, don Allah, gaya min gaskiya. Wa kike gani?"

Ta fashe da kuka. "Ba kowa, wallahi! Na gaji da zama ba kowa ba, Tamba. In na rufe ido, sai in ga ana kallona – shi ke nan aljanin."

Bai yi dariya ba. Ya koma ya yi ta lallashin uwarsa, yau da gobe, har ta ce to, a kawo yarinyar ta yi abin a gabanta, amma ido buɗe.

Mata suka cika gidan a Argungu, Inna na tsakiya riƙe da carbi tana tofe-tofe. Riskuwa ta miƙe tsaye a gabansu. Sunayen manyan mutanen da ta saba ambata a labaranta duk suka ɓace mata. Sai idonta ya sauka a kan hannuwan Inna masu kanta, ta tuna wani abu da Tamba ya taɓa ba ta labari. Ta gyara murya.

"Rahotanni daga fadamar Rima na cewa, shekarar da ambaliya ta cinye shinkafa, wata mata mai takaba ta shiga ruwa iya ƙirji da lauje. Ta yanko abin da ya rage, ta shanya a kan rufi, ta ciyar da marayunta har kaka ta zagayo. Sunanta Sakinatu."

Muryar ta cika gidan, tsikar jikin kowa ta tashi. Carbi ya tsaya a hannun Inna. Matan suka zuba wa tsohuwar ido kamar yau suka fara ganinta, ita ma Riskuwa mamaki ya kama ta.

"Ni ta wagga?" in ji Inna, hawaye na bin kuncinta. "Ni anka sa cikin labarai? Ba wanda yat taɓa ce min sannu... Tamba! In wanga shi na aljani, Allah shi bar mata abinta. A kai lehe!"

Guɗa ta tashi, aka ɗaura aure bayan girbi. Haƙurin Tamba ya yi rana. Ku kuma 'yan'uwa, kada ku yanke wa mutum hukunci kafin ku tambaye shi, kada kuma ku raina kanku. Allah bai halicci wanda ba kowa ba, mai faɗar labarinsa ne dai wani lokaci yake jinkirin zuwa.