Hanyar da Ta Daina Tsagewa

Duk ofishin gyaran hanyoyi babu wanda ya kai Injiniya iya lissafin rayuwar kwalta. Kullum faɗa wa manyansa yake: a liƙe ƙaramar tsaga bana da kuɗi kaɗan, in aka ɗaga, gaba sai an fasa hanyar dungurungum. Kuɗin gyaran ta hannunsa suke bi, har ransa ya biya.

Wani direban tifa ya kai shi wurin boka, a bayan ramin fasa dutse. Ɗakin ƙarni yake, ƙasa baƙa tana danƙo. Gaban boka tukunyar kwalta ce ke tafasa, babu wuta a ƙarƙashinta.

Injiniya ya ce, "Baba, so nake hanyar ta daina tsagewa. In sa hannu an gyara, kuɗin su kwana wurina."

"Hanya ci take yi, ɗana. Ka hana ta kwalta, nama za ta nema." Boka ya jawo kututture da gatari. "Ɗora yatsa ɗaya. Yau iyakar kuɗinta ke nan."

Injiniya ya dubi yatsun da yake riƙe biro da su. "Ba za a ɗaga mini zuwa gaba ba?"

Boka ya yi dariya. "Ai ka fi ni sanin abin da ɗagawa take jawowa."

Injiniya bai ba da yatsan ba. Boka ya miƙa masa tukunyar, ya je ya binne ta a ƙarƙashin wani kwalbati na hanyar. Damuna ta zo ta wuce, hanya sumul. Ya gina bene, ya saya wa babban ɗansa mota.

A kan kwalbatin motar ta wuntsila da rana tsaka, sitiyari ya fasa ƙirjin yaron. Kafin a kawo yashi, kwalta ta shanye jinin tas. Bayan shi tanka ta niƙe ƙanwar yaron da goyonta, a wurin dai. Uwarsu ta zauce. A can ake samunta durƙushe, tana kankarar kwalta har faratanta suka ciccire, tana cewa, "Ku fito, abinci ya huce."

Injiniya ya ɗauki adda ya je kwalbatin. Ya sare yatsa, ya sare na biyu, ya ƙarar da biyar ɗin yana roƙo, "Ga su, karɓi." Jinin ya tsaya a sama, kwalta ta ƙi sha. Sai rola, motar danne kwalta ta ma'aikatarsa da aka ajiye a kan tudu, ta gangaro, babu direba, ta bi ta kansa. Da shebur aka kwashe shi.

Ranar hanyar ta tsage.

Uwar yaran har yau tana zama bakin tsagar, tana leƙe. Duk mai haɗamar cin kuɗin gyara ya sani za a biya, kuma ba daga jikinsa ake fara cira ba.