Rosella Ta Wa?

Ranar Talata ce a farkon watan Maris, iskar nan tamu mai gangarowa daga kan duwatsu ta tashi tun da safe, tana yaye kwanon rufi tana jifa da kwandunan shara cikin teku. Rosella na zaune a cikin a-kori-kurar saurayinta Armand a bakin tashar jiragen kamun kaguwa, motar sai rawa take yi. Ta buɗe lasifikar wayarta, don kunnenta na hagu ya kusa daina aiki, na daman kuma iska ta cika shi.

Matar da ke magana daga ofishin likitan kunne na birnin Halifax muryarta a sanyaye take.

"An rufe fayil ɗinki tun watan Yunin bara. Mun kira mun ba ki rana, kika ce kin warke, ba kya bukata."

"Ni?"

"Rosella Larade. Haka aka rubuta."

Rosella ta ce ba ta taɓa magana da kowa daga ofishinsu ba, kusan shekara guda ke nan tana zaman jiran kiransu. Matar ta ba ta haƙuri, ta ce tsarinsu ke nan: wanda ya ce ba ya so, sai a sanar da likitan iyalinsa, a ba na bayansa wurin. In tana son a gan ta, sai likitan iyalinta ya sake turo ta, ta kama layi daga ƙarshe.

Likitan iyalin nata, Dakta Boudreau, ya yi ritaya tun sabuwar shekara, har yau ba a kawo wani ba.

Ta kashe wayar. Armand bai kalle ta ba, jirginsa yake kallo yana dukan katakon tasha.

"Rosa..." ya ce a hankali. "In aurena ne ba kya so, ki faɗa min da bakinki. Ba sai kin laɓe a bayan likita ba."

"Ka yarda ni na ce musu na warke?"

"Sunanki suka kira, masoyiyata. Da kunnena na ji."

Ta buɗe ƙofar, iska ta kusa fizge ta daga hannunta, ta sauka ta nufi gida a ƙafa. Bai biyo ta ba.

Ita ce ta kafa sharaɗin tun farko. Bara, da kunnen ya fara ƙara kamar tsohon firji, ƙasa kuma ta riƙa juya mata in ta miƙe, Dakta Boudreau ya leƙa da 'yar fitilarsa ya ce abin ya wuce inda yake iya gani. Babban likita kuwa ba a zuwa wurinsa kai tsaye, sai likitan iyali ya rubuta ya tura ka, ka koma gida ka jira waya. Ya ce kar ta dame su da kira, su za su neme ta. A ranar ta faɗa wa Armand ba za a sa ranar aure ba sai ta san abin da ke cikin kanta. Mahaifinta Fidel ya daɗe a kwance kafin ya rasu, ta ga yadda jinya ta cinye mahaifiyarta. Ba za ta ɗora wa mutum kayan da ita kanta ba ta san nauyinsa ba.

Armand ya yarda, ya jira. Uwarsa, Tanti Bernice, ita ce ba ta yarda ba. Ta sha faɗa a bakin coci cewa yarinyar jan ɗanta kawai take yi, kuma matar mai jirgi dole ta zama mai jin rediyo in teku ta ɓaci. In ta so tsokana sai ta ce, ai ita Rosella ta ce ya auro mata, shi ne ya je ya ɗauko wadda ba ita ba.

Don Rosella Larade biyu ne a garinmu. Wata guda aka haife su, aka sa musu sunan ungozomar da ta karɓe su, suka yi aji ɗaya, suke aiki a kamfanin kaguwa ɗaya. Ba wanda ya taɓa ruɗewa. Wannan ta Fidel ce, waccan ta Placide. Ta Placide ubanta na da jirage biyu, kuma tun suna makaranta kowa ya san idonta a kan Armand yake.

Da farko Rosella ba ta kawo ta a rai ba. Ta yi kuka, ta yi fushi, amma abin da ya hana ta sukuni tambaya ce guda: in ba ita ta amsa wayar ba, wa ya amsa? Kira ba ya tashi a iska ya ba kansa amsa.

Washegari ta sake kiran Halifax. Ta ce ba faɗa ta zo yi ba, so take kawai ta san lambar da suka kira. Matar ta duba ta ce biyu ne. Ta farko ba ta shiga ba. Rosella ta gane ta, tsohuwar wayar gidansu ce da aka yanke bayan rasuwar babanta. Ta biyu kuwa ta ofishin kamfani ce.

"Ba kwa tambayar ranar haihuwa kafin ku rufe fayil ɗin mutum?"

"Kullum muna tambaya. Kuma an ba mu daidai."

Rosella ta yi godiya ta ajiye wayar a hankali.

Tanti Zelie ce ke zaman ofishin kamfani in lokacin kaguwa ya yi. Da sanyi kuwa tana gida tana saƙa darduma. Da Rosella ta je gidanta, ta zuba mata shayi, ta tura mata farantin biskit, ta ce ita kam ta tuna kiran sarai, don ba ta taɓa jin mace mara kan gado irin wannan ba.

"Na ce mata, Rosella ta wa? Ta ce min Larade. Na ce yarinya, rabin garin nan Larade ne, ta wa? Ta Fidel ko ta Placide? Ta ce wai ba ta sani ba. Mutanen birni ko ubansu ba su sani ba."

Da ta ga haka, in ji ta, sai ta buɗe ƙofar ofis ta ƙwala kiran sunan cikin ƙarar injuna, wadda ta ji ta zo. Wadda ta zo ɗin ta Placide ce. Ta yi magana kaɗan, ta ajiye, ta ce masu tallar inshora ne.

"Ni ina ina a lokacin, Tanti?"

"Kina wurinki mana, a kan layin wankin kaguwa. Har na ga hularki."

"Ofis ɗin ta wane gefena yake?"

Tanti Zelie ta ɗaga hannu za ta nuna, sai hannun ya tsaya. Ta hagu yake.

Rosella ta Placide gyaran gashi take yi a kicin ɗinta kafin lokacin kaguwa ya zo kamfani ya buɗe. Ta share gashin da ke ƙasa ke nan ta ga mai shigowa, ta yi murmushi.

"Takwara. Yau ke ce a gidanmu? Zauna, gashin nan naki kamar an ja shi da ƙugiya."

Rosella ta zauna a kujerar, ta kalle ta ta cikin madubi. Tun a hanya take shirya zagi, amma da ta buɗe baki wani abu daban ya fito.

"Wace rana suka ba ni?"

Tsintsiyar ta tsaya.

"Na san ke ce. Ranar kawai nake son sani."

 Can ta Placide ta ce, da wata murya ƙarama, "Alhamis ta biyu a watan Yuli. Da safe."

Ashe ta riƙe. Rosella ta yi ƙoƙarin tuna abin da ta yi ran nan, ta kasa. Wataƙila kaguwa ta wanke har yamma, tana taɓa aljihu tana jiran waya.

Sauran maganar da kuka ta fito. Ta Placide ta ce da farko ta ɗauka kiran nata ne. Da ta ji an ce likitan kunne sai ta gane, kuma ta san rantsuwar da takwararta ta yi kan auren. Da aka tambayi ranar haihuwa, bakinta ne kawai ya faɗa, ai ba ta taɓa manta ta ba, tare suke yanka kek suna yara. Ta ɗauka wata ɗaya ko biyu za a ƙara, Armand ya gaji ya waiwayo. Ba ta san in an rufe an rufe ba. Ba ta san Dakta zai tafi ba. Duk sanyin nan tana ganin Rosella na juyo da kai in ana mata magana, ita kuma ta kasa fitowa ta faɗi gaskiya.

"Ki yafe min, takwara..."

"Ajiye wannan tukuna. Ɗauki waya."

Ta ɗauka ta kira. Da matar Halifax ta amsa, ta ce, "Ni ce Rosella ta Placide."

"Ta me?"

Duk da halin da ake ciki, sai da dariya ta kusa ƙwace wa Rosella. Ta karɓi wayar ta yi bayani dalla-dalla: mata biyu, suna ɗaya, kunne ɗaya ne mara lafiya. Sannan ta mayar wa mai laifi ta faɗi abin da ta yi da bakinta. Matar ta ce ba ta taɓa jin irin wannan ba, ba kuma ita ke da iko ba, amma za ta kai wa likita da kanta.

A bakin ƙofa Rosella ta juyo.

"Armand ma ke za ki faɗa wa. Ni ba zan roƙi kowa ya yarda da ni ba."

Ta Placide ta faɗa masa ran Lahadi bayan coci, a kicin ɗin uwarsa, Tanti Bernice na tsaye da ludayi a hannu.  Da yamma sai ga tsohuwar a gidan Fidel da tukunyar romon kaza da dankali. Ba ta ba da haƙuri ba, ba halinta ba ne. Ta dai ja kujera ta zagayo ta zauna ta daman Rosella, ta tambaye ta ko gishirin ya ji.

Armand na waje kusa da mota, hula a hannu. Rosella ta bar shi ya sha sanyi kaɗan kafin ta fito.

"Zuciyata... ban san da wane baki zan fara ba."

"Matar da ba ta taɓa ganina ba ta kira sunana, ka yarda. Ni da ka sani ina gefenka ina cewa a'a."

"Tsoro ne, Rosa. Kullum ina jiran ranar da za ki ce kin fasa."

"Ni ma tsoron nake ji. Amma ban taɓa zarginka ba."

Ya sunkuyar da kai. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta gyara masa wuyar rigar da iska ta juya.

"In suka kira, kai za ka kai ni. Hanyar da nisa."

Sun kira kafin lokacin kaguwa ya fara. Likitan ya mayar da ita matsayinta na da a layi. Aka saka ta a na'urar ɗaukar hoton kai, aka ga wani ɗan tsiro a kan jijiyar ji. Ba ciwon daji ba ne, ba zai kwantar da ita ba, amma ya girma, sai an cire, kuma ɗan sauran jin da ke gefen zai tafi tare da shi. Ta tambaye shi ko da ta zo a Yulin bara da an ceci kunnen. Ya ce ba zai yi mata ƙarya ba: wataƙila, wataƙila kuma a'a.

A matakalar asibitin ta tsaya, ta riƙe hannun Armand.

"To, na san abin da ke kaina. Kai ma ka sani. Har yanzu kana so?"

"Ko biyun ne suka tafi, zan koyi magana da hannu."

"Da waɗannan hannuwan naka masu kama da kaguwa?"

"Za ki saba, amaryata."

An ɗaura auren a watan Agusta, aka yi aikin da kaka. Ta Placide ba ta zo ba, ta riga ta koma wurin yayarta can nesa a lardin Alberta.

Abin da aka rasa ba shi da wuyar ƙirgawa: shekara guda ta jira, kunnen hagu gaba ɗaya, da ƙawar yarinta ɗaya.