Rubutun Bayan Hoto

Saura kwana tara a ɗaura auren Kausara, amma duk wanda ya leƙa barandar gidansu a Sagnarigu ranar Asabar ɗin nan zai rantse ajin 'yan firamare ne. Guntayen kwali ko'ina, ribon rataye a wuyan kujera, ƙyalli har cikin kofin koko. Sana'arta ke nan: katin gayyata, katin barka da salla, albam na hannu, allon ado na biki. Katunan aurenta ɗari da hamsin ita ta yanka su ɗaya bayan ɗaya, an gama rabawa tun makon jiya. Abin da ya rage shi ne babban allon da za a jingine a ƙofar wurin walima, mai ɗauke da hotunan ango da amarya tun suna jarirai.

"Amarya da almakashi!" in ji Gwaggo Fusena, ƙanwar mahaifinta da ta raine ta, tana kakkaɓe ƙyalli daga zanenta. "'Yan matan mutane suna can suna gyaran jiki, ke kina nan gam ya bushe miki a yatsu. A kansa za a sa miki lallen?"

"Gwaggo, plis, yau kaɗai."

"Jiya ma ai yau kaɗai ne."

Suna cikin haka babur ya tsaya a ƙofa. Abdul-Waris ne, angon, ya yi sallama ya durƙusa ya gaida Gwaggo, da wani tsohon gwangwanin biskit cike da hotunansa a hammatarsa.

"Ga tarihina nan duka," ya ce yana ajiye wa Kausara a kan tebur. "Daga ƙarƙashin gadon Mma na zaro shi, ba ta ma sani ba. Chale, ƙawata, in kin ga wanda nake tsirara a cikin baho, ki rufa min asiri."

"Shi zan sa a tsakiya!"

Ya yi dariya, ya hau babur ya nufi shagonsa na kayan gyaran babura a kasuwar Aboabo. Kausara ta bi shi da kallo har ya sha kwana. Tana son yaron nan, so na gaske, irin wanda yake sa mutum murmushi shi kaɗai yana wanke-wanke. Da ta san abin da ya ajiye mata a kan teburin nan, wallahi da ta kira shi ya dawo ya ɗauki kayansa.

Tun safe hadari ya haɗu ta gabas, baƙi ƙirin, ba iska ba ruwa, sai wani zafi mai danne ƙirji. Ta buɗe gwangwanin ta shiga zaɓe. Ga Waris da kayan makaranta, ga shi ranar saukar karatu, ga na cikin bahon ma. Can ƙasa sai ta ci karo da wani da ya fara yin ja don tsufa: Hajiya Maltiti, mahaifiyar Waris, tana matashiya, zaune a kan tabarma da jarirai biyu a cinyarta, ɗaya ɓul-ɓul, ɗaya 'yar firit. Hoton ya yi mata kyau, ta ce wannan shi zai buɗe allon.

Duk mai wannan sana'a ya san kafin ka liƙa hoto sai ka kifa shi ka shafa gam a bayansa, kuma da zarar ya kama kwali, bayan nan ya tafi ke nan, ba mai sake ganinsa. Ta kifa shi. Akwai rubutu da shuɗin biro, hannun marigayi mahaifin Waris:

"Abdul-Waris da Kausara, 'yar maƙwabcinmu Ubaid tela. Uwarta ba lafiya, Maltiti ke shayar da su duka. Allah ya raya."

Ubaid tela ai babanta ne. Ta karanta sau uku, rubutun bai canja ba. Ko ɗan aji ɗaya na Islamiyya ya san hukuncin: waɗanda suka sha nonon mace ɗaya wa da ƙanwa ne, babu aure a tsakaninsu har abada.

"Gwaggo," ta ce, muryarta kamar ba tata ba, "da Umma ta kwanta ciwo, wa ya riƙe ni?"

"Oho, wata maƙwabciyarku dai a Choggu. Ni ina Kumasi lokacin. Bayan rasuwarta babanki ya kawo min ke kina wata uku, shi ma bai shekara ba ya bi ta. Ban taɓa ganin matar ba. Me ya kawo wannan maganar ana shirin biki?"

"Ba komai."

Ta zura hijabi, ta sa hoton a jaka, ta tada baburinta.

Ta samu Hajiya Maltiti a tsakar gidanta na Choggu tana jera atamfofin lefe a akwati.

"Antire, Mma," ta yi mata barka da rana da yarensu.

"Naa, m bia. 'Yata ce da rana tsaka? Zo ki ga wannan leshin."

Kausara ba ta zauna ba. Ta miƙa mata hoton, rubutun yana sama. Hajiya ta duba, kuma abin da ya fi tsorata Kausara shi ne ba ta ga mamaki a fuskarta ba ko kaɗan. Tsohuwar ta tashi ta tura ƙyauren gida ta sa sakata.

"Wa ya gani?"

"Ni kaɗai. Mma — kin sani?"

"Ranar da aka kawo gaisuwa, da aka faɗi sunan babanki, ranar na gane ki." Ta zauna daɓas a bakin akwatin. "Na buɗe baki zan yi magana, sai na dubi fuskar ɗana. Shi kaɗai gare ni, Kausara. Tun mutuwar babansa ban ga haƙoransa ba sai da ya same ki."

"Amma haramun ne, Mma!"

"Rage murya! 'Yan kwanaki ne fa, taimako na yi, jaririya tana kuka uwarta tana kwance. Taimakon nawa ne zai zama laifi? Babanki ya mutu, mijina ya mutu, waɗanda muka zauna gida ɗaya da su duk sun watse. An raba kati, an sayi sa, dangi suna tahowa daga Yendi. Ki ce a fasa? Da wane ido zan dubi mutane?" Ta kama hannun Kausara ta danna mata hoton a tafi. "Ba aikinki ba ne liƙawa? Je ki shafa gam ki manna shi. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Kausara ta dawo gida ba ta san ta inda ta biyo ba. Hadarin yana nan a tsaye, har tsuntsaye sun yi shiru. Ta zauna gaban allon, ga gurbin da ta zagaye da furannin takarda yana jiran hoto. Kada wani ya ce yarinyar nan waliyyiya ce. Ta buɗe kwalbar gam, ta tsoma buroshi, ta ɗago shi yana ɗiga. Zuciyarta na ce mata shafa ɗaya ne kawai, ranar Litinin ta sama ki zama matar Waris. Sai kuma ta hango kanta da ciki, ta hango yaro yana kiranta Umma yana kiransa Baba, ita kuma tana kallonsu kullum da abin da ta sani. Ta ajiye buroshin ta kifa kai a kan tebur, ta yi kuka har hijabinta ya jiƙe.

Da la'asar Waris ya biyo da ƙunshin waken Aboabo da take so. Yana ganin idanunta ya ajiye ledar.

"Wa ya mutu?"

Ta miƙa masa. Ya karanta yana murmushi da farko, murmushin ya tafi a hankali.

"Wannan wasa ne, ko? Kausara, ce min wasa ne."

"Na je wurin Mma. Ba ta musa ba."

"To sai me!" Ya miƙe har kujera ta kife. "Muna jarirai! Mun sani ne? An tambaye mu? Shekara biyu ina jiran ranar nan, sai wata tsohuwar takarda ta zo ta — bari in yaga shi!"

"Yaga mana. Ga shi a hannunka." Hawaye na zuba amma muryarta ba ta rawa. "In ka yaga takarda, nonon da muka sha fa? Shi ma za ka yaga?"

"Wa ya sani in ba mu ba?"

"Wanda za a ɗaura auren da sunansa."

Ya tsaya yana huci. Ya dube ta, duban da ba ta taɓa gani a idonsa ba, ya ce, "Ashe ba kya sona." Ya cusa hoton a aljihu ya fita. Maganar nan ta fi mari zafi, don kuwa Allah ya sani ƙarya ce.

Kwana uku ba kira ba saƙo. Shirin biki kuwa bai tsaya ba, shi ne abin tsoron. Tela ta kawo ɗinki, ƙawaye suna turo hoton anko, mai girki ta zo auna tukwane. Kausara ta gaya wa Gwaggo komai. Gwaggo ta yi salati ta dafe kai, ta ce yanzu za ta je ta tona wa Maltiti asiri a tsakiyar Choggu.

"A'a Gwaggo, don Allah. Matar nan ta ba ni ruwan jikinta lokacin da ba ni da kowa. Mu ba su zuwa Alhamis. In ba su zo ba, ni da ƙafata zan je wurin liman."

Ba ta iya cin abinci, ba ta iya taɓa almakashi. Tsoronta ɗaya: kada Waris ya ƙone hoton, uwarsa ta rantse ba a yi ba, a bar ta ita kaɗai da maganar da ba shaida, a ce amarya ta samu wani ne take neman hanyar gudu.

Ranar Laraba da hantsi ruwan ya sauko kamar da bakin ƙwarya. A cikinsa aka yi sallama. Afa Sidiki ne limamin Choggu a gaba da lema, Hajiya Maltiti a bayansa, sai Waris can baya ya jiƙe sharkaf, ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya.

Aka zauna a falo. Waris ya ciro hoton daga cikin leda ya ajiye gaban liman. Bai yaga ba.

"Hajiya," in ji Afa Sidiki a hankali, "Allah na jinki. Sau nawa kika shayar da yarinyar nan?"

Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska. "Ba sau ba ne, Afa. Wata biyu ne cur, dare da rana. Shi a dama, ita a hagu." Ta fashe da kuka. "Jiya ɗana ya durƙusa a gabana ya ce, Mma, ke kika koya min salla, yau ke za ki kai ni wuta da hannunki? Na ji tsoron bakin mutane na manta da Allah. Kausara, ki yafe min."

"Babu aure," in ji liman. "Za a yi surutu, a yi a gama. Amma ku gode wa Allah da ya sa abin ya fito kafin Litinin, ba bayan an haifi 'ya'ya ba."

Kausara ta rarrafa ta dafa gwiwar Hajiya ta ce ta yafe, tsohuwar ta rungume ta tana kiranta 'yarta, wannan karon da gaskiyarta. Sannan Waris ya taso ya tsaya a gabanta. Shekara biyu suna tare ko yatsanta bai taɓa riƙewa ba, yana jiran ranar da zai halatta. Yau ya halatta, ta hanyar da bai taɓa roƙo ba. Ya miƙa mata hannu.

"Na gaya miki magana marar daɗi," ya ce. "Ki yafe wa yayanki."

Ta sa hannunta a cikin nasa. "Na yafe, Yaya."

Kalmar ta fita da ƙyar, duk wanda ke ɗakin sai da ya share ido.

Surutu kam an yi shi, daga Sagnarigu har Jisonayili, wasu har da ƙarin gishiri. Kausara ta yi wata uku in ta ji ƙarar babur a ƙofa sai ta shige ɗaki. Ba a cire so kamar ƙaya, lokaci ne ya yi aikinsa. Bayan shekara biyu wani malamin makaranta, Abdulgafaru, ya zo neman aurenta, ya ce labarin da ya ji ne ya kawo shi, don macen da ta iya faɗin gaskiyar da za ta cuce ta ba za ta taɓa ha'intarsa ba. Daga ɗakin Hajiya Maltiti aka ɗauki amarya.

'Yan'uwa, abin da Allah ya haramta yawan katin gayyata ba ya halatta shi, kuma kunyar yini ɗaya ta fi nadamar rayuwa sauƙi. Kausara ta bar abin da ta fi so don tsoron Allah, ta yi haƙuri, marainiyar da ta tashi ba uwa ba wa ta samu duka biyu. Yau in Waris ya tsaya da babur a ƙofar gidanta, ɗanta na fari ne yake fita da gudu yana ihu, "Kawu ya zo! Kawu ya zo!"