Ɓarawon da Ya Rufe Rumbu

Ranar Asabar da hantsi, cikin bazarar 1967, aka buga waya daga Tanut zuwa Damagaram cewa an fasa rumbun tsimi, wato rumbun ajiyar jama'a, na garin Rijiyar Jika. Washegari da azahar Sufeto Manzo ya sauko daga mota a bakin kasuwar garin, rigarsa sharkaf da gumi.

Manzo ba mai hanzari ba ne. Ɗan manomi ne daga Mirya, kuma manyansa a biro, wato ofis, sun daɗe suna yi masa tsiya cewa yana bincike kamar mai noman rani. Shi bai taɓa jin haushi ba, don dai yakan dawo da mai laifi.

Damina biyu ke nan ruwa yana yi wa yankin Damargu rowa. Rabin rumfunan kasuwar babu kowa, samari sun gangara kudu cin rani. Gwamnati ta aiko da taimako daga Yamai: kamyo ɗaya, wato babbar motar kaya, na abinci wanda tuni aka raba, da buhu talatin na sabon irin gero, da alkawarin ƙarin kamyo biyu. Amma taimakon da sharaɗi ya zo. Rumbun tsimi zai fita daga hannun majalisar gari, wadda unguwanni suka zaɓa, ya koma hannun wakilin gwamnati. Tsohon irin da ke ciki kuma a sussuke shi a ci, kada ya gauraya da sabo.

Wakilin, Mushe Idrisa, kamar yadda ake kiran ma'aikata da Faransanci, yana jira a gindin rumbun da jaka a hammata. Saurayi ne mai tsabta, wanda ya yi karatun noma, kuma da gaske yake son garin ya ƙoshi. Aibinsa ɗaya, ba ya jiran mutum ya gama magana.

"Dami arba'in na tsohon iri, Sufeto. Ranar Alhamis na sa wa rumbun waya da dalma mai hatimi da hannuna. Asabar na tarar an yanke."

"Sabon irin fa?"

"Yana nan, ko buhu ɗaya ba a taɓa ba. Amma in har Laraba ba a samu ɓarawo ba, kamyo biyun nan wani gari za su wuce. Haka Yamai ta ce."

Manzo ya sa aka kawo tsani ya hau. Hular rumbun tana zaune daram, an ɗaure ta da sabuwar igiyar kaba. Da ya ɗaga ta, sai ya ga bakin rumbun a liƙe da yumɓu, an bar ɗan ramin da Mushe Idrisa ya fasa ta gefen hular don ya leƙa.

"Kai ka sake liƙe bakin?"

"A'a. Haka na same shi."

Sufeto ya ƙara fasa yumɓun ya zura kai. Buhunan gwamnati suna jere a kan itatuwa, an ɗaga su daga ƙasa, an barbaɗa toka kewaye da su don gara. Ya tambaya ko haka aka ajiye su tun farko. Mushe Idrisa ya ce shi a ƙasa ya sa aka jibge su.

Manzo ya daɗe a kan tsanin. Shekara goma sha huɗu yana bin ɓarayi, bai taɓa ganin wanda ya tsaya gyara abin da ya bari ba. Ya ɓanɓaro wani ɓangare na yumɓun mai shatin hannu, ya naɗe a hankici.

Mai gadin rumbun, Buba, tsohon soja ne mai ƙafa ɗaya da rabi. Ya ƙame ya sara tun kafin a tambaye shi.

"Ranka ya daɗe, Buzaye ne. Na ga sawun raƙuma sun yi arewa, hanyar Tenhya."

"Nuna mini."

Sawun yana nan kuwa, a bayan rumbun. Manzo ya tsuguna ya duba, ya fasa kashin raƙumin da tsinke.

"Wannan ya fi mako, Buba. Kuma raƙumin da ya taka nan ba ya ɗauke da komai. Sawun jakunan nan da aka share da reshe fa, su ma Buzaye ne?"

Buba ya kau da kai.

"Yaushe ka bar wurin nan?"

"Ban taɓa bari ba."

"Ko ranar Juma'a?"

"To, salla ai dole ce, ranka ya daɗe."

"Wa ya san kana tafiya?"

"Duk gari."

Sufeto bai yi masa faɗa ba. Ya dai ce masa kada ya ƙara ɗora wa makiyaya abin da ba su ji ba ba su gani ba, don ba wuya jandarma su kamo wani bawan Allah daga rijiya. Buba ya sunkuyar da kai, kunya ta kama shi.

Litinin da safe Manzo ya tafi wurin Malam Audi, shugaban majalisar gari. Ɗan kasuwa ne mai tumbi da taushin murya, irin mutanen da ke amsa gaisuwa sau uku kafin su amsa tambaya sau ɗaya.

"Ku nawa ne a majalisa, Malam?"

"Goma sha ɗaya."

"Kun yarda da sharaɗin gwamnati?"

"Ni dai na yarda. Yunwa ake ji, Sufeto. Jiya ma an binne yarinya a unguwar Barebari."

"Ban tambayi kai ba. Majalisa na tambaya."

Audi ya gyara hula. "An yi magana."

"An ɗaga hannu?"

"Ba a kai ga nan ba. Gardama ta yi tsawo, Mushe ya ce kamyo ba ya jira. Sai na ba shi rumbun, na ce a sa hannu daga baya."

Manzo ya nemi takardar. Aka kawo. Wurin sa hannun majalisa fari fat. Ya mayar da ita.

"Wa ya fi tsawaita gardamar?"

"Kowa ya faɗi nasa."

"Ranar Juma'a duk 'yan majalisa sun zo masallaci?"

"Dukansu."

Ya faɗe ta da sauri fiye da duk abin da ya faɗa tun safe. Manzo ya yi masa sallama, ya zagaya wurin ladan, ya tambaye shi wa ya tsaya bayan liman ranar Juma'a. Ladan ya ce wurin wani ɗan majalisa ne, Baba Ɗan Azumi, shekara ashirin, amma wannan karon ciwon baya ya hana shi fitowa.

Gidan Ɗan Azumi yana ƙarshen gari, wajen gonaki. Manzo ya same shi a inuwar aduwa yana tufkar igiya. Tsoho ne busasshe, dogo, kuma mai ciwon bayan nan yana zaune tsaye cak. Suka gaisa, aka kawo ruwa da ɗan gumba a ciki, kaɗan ƙwarai.

"Baba, an ce kai ke liƙe rumbun tsimi kowace shekara."

"Tun zamanin Nasara, ɗana. Su suka tilasta mana rumbun da bulala. Da suka tafi muka ce to, yanzu namu ne."

"Wane iri ne a ciki?"

"Ankutes. Ɗan gajeren kai ne, ba shi da kyan gani. Amma kwana saba'in da 'yan kai ya nuna. Kai ɗaya ɗaya muke zaɓensa a gona."

"Na gwamnati fa?"

"Na murza shi, na tauna. Gero ne mai kyau, na ƙasar da ruwa ke wata uku cur. A nan zai yi tsawo ya fi ka, ya fara fitar da kai, ruwa ya ɗauke."

"Ka faɗa wa Mushe?"

"Na fara."

Manzo ya kusa yin dariya, ya danne. Ya dubi rumbun tsohon da ke tsakar gida. Ɗaurin hularsa iri ɗaya ne da wanda ya kwance jiya. Ya dubi hannun da ke murza igiya a cinya, na hagu ne.

"Ranar Juma'a kana ina?"

"Kwance."

Sufeto ya warware hankicin ya ajiye yumɓun a tabarma. Shatin tafin hannu ya fito sarai, babban yatsa yana gefen dama.

"Wanda ya shafe bakin rumbun nan bahago ne. Ya ɗaga buhunan da ba nasa ba a kan itace, ya zuba musu toka. Baba, da ka bar shi a buɗe, da yanzu ina hanyar Tenhya ina neman raƙuma."

Ɗan Azumi ya daɗe yana kallon yumɓun. Sannan ya ɗora hannunsa a kai, ya zauna daidai.

"Hadari ya taso daga gabas ranar nan," in ji shi. "Na sauko, na tafi har bakin hanya. Na ce in ruwa ya sauka cikin rumbu, hatsi ne zai ruɓe. Ko na wa ne, hatsi ne. Sai na koma."

"Dami arba'in ba aikin mutum ɗaya ba ne."

"Ni na yanke waya, ni na hau. Jakuna kuma ba su da laifi."

Daga bayan danga, sautin dakan da matan gida ke yi ya tsaya. Manzo ya ji, bai waiwaya ba. Ya rubuta suna ɗaya a littafinsa.

"Ina irin?"

"In na nuna maka, a turmi zai ƙare."

"In ba ka nuna ba, kamyo biyu za su wuce, a ƙara binne yara."

Tsohon ya runtse ido. A nan ne Manzo ya ji tausayinsa sosai, amma bai sassauta ba.

"Baba, kana fushi da Mushe don ya yanke wa gari hukunci bai jira majalisa ba. Kai wa ka tambaya?"

"Na san gaskiyata."

"Shi ma haka yake cewa. Mutum goma sha ɗaya aka zaɓa. Audi ya ba da rumbu shi kaɗai, kai ka kwashe shi kai kaɗai. Sauran taran fa, da waɗanda suka zaɓe su?"

Ɗan Azumi ya naɗe igiyarsa a hankali, ya tashi, ya yi gaba. Suka bi gefen gonaki har wata tsohuwar rijiya da ta ƙafe. A ciki dammunan suke, jere a kan gumagumai, an rufe su da zana.

Talata da hantsi aka dawo da su gindin rumbu, gari ya taru. Mushe Idrisa ya ce a kawo turame nan take.

"Dakata, Mushe," in ji Manzo. "Dami ɗaya zan tafi da shi shaida. Sauran doka ta ce a mayar wa mai shi. Takardarka kuwa babu hannun majalisa a kai, don haka har yanzu na gari ne."

"To me ka kama shi da shi?"

"Ya yanke hatimin gwamnati, kuma ya ɗauki abin jama'a ba da izininsu ba. Zai amsa a gaban alƙali a Tanut. Abin da za a yi da irin kuma ba nawa ba ne, ba naka ba ne."

Mushe Idrisa ya buɗe baki, ya rufe. Wataƙila ranar ce ta farko da ya bari wani ya kai ƙarshen magana.

Jandarman da ke tuƙa mota ya sa wa Ɗan Azumi ankwa, ya taimaka masa ya hau baya. Manzo ya ce kada a tayar da motar tukuna, yana son ya sha ruwa. Ruwan nan ya daɗe yana shansa.

Majalisa ta zauna a gindin gawo, taku ashirin daga motar. Magana biyu ce a gabansu. Ko a sa hannu, a sussuke ankutes, a karɓi kamyo biyu. Ko a riƙe irin da rumbun, a tura mutane Damagaram su roƙi abincin ba sharaɗi, a samu ko kada a samu. Aka yi ta, mai kuka na yi, mai rantsuwa na yi. Audi ya yi maganar yarinyar da aka binne, ba wanda ya ce ƙarya yake.

Aka ce masu son a sa hannu. Hannu biyar, har da na Audi.

Aka ce masu son a riƙe iri. Hannu biyar.

Sai aka ji ƙarar ƙarfe daga bayan mota. Ɗan Azumi ya ɗaga hannuwansa biyu sama, tun da ankwa ba ta barin ɗaya ya tashi shi kaɗai.

"Wannan fursuna ne," in ji Mushe Idrisa.

Magatakardan majalisa ya riƙe alƙalami yana kallon shugaba. Audi ya dubi Sufeto. Manzo ya mayar da idonsa cikin ƙwaryar ruwa, don wannan ba tambayarsa ba ce.

Audi ya daɗe yana kallon tsohon da jiya ya yi wa Sufeto ƙarya don ya rufa masa asiri, wanda kuma yau zai kayar da shi.

"Unguwarsa ba ta tsige shi ba, alƙali bai yanke ba," in ji shi. "Hannu biyu ya ɗaga, amma ɗaya za ka ƙirga. Rubuta shida."

Ba wanda ya yi guɗa. Mushe Idrisa ya sa takardarsa a jaka. Ya ɗan tsaya, sannan ya ce wa Audi in za su Damagaram, akwai wuri a motarsa.

Manzo ya shiga gaba, mota ta tashi. Sun wuce gonakin ƙarshe kafin tsohon ya yi magana ta 'yar tagar baya.

"Ɗana, damin nan na shaida, ina za a ajiye shi?"

"A biro, Baba."

"Kada su jibge shi a ƙasa. Ka ce su ɗora shi a kan itace."

"Zan ɗora da kaina," in ji Sufeto.