Ba A Barin Mai Ƙwanƙwasa

"Baba, wallahi shi nake so!"

"So? So ne zai tare rufin rami in ya tashi faɗowa? Ƙannena biyu na binne, Effie. Ba zan ba mahaƙin kwal 'yata ba!"

Shi kansa fa tsoho Rory, mahaifin nata, shekara talatin yana shiga ramin kwal na garinsu Glace Bay, amma ina! Effie ta shure maganar ta auri Lauchie ɗinta. Uban ya yi fushin da ko a coci suka haɗu sai ya kau da kai.

Abin ya tsaya wa Lauchie a rai. Yaƙin duniya na ɓarkewa ya shiga soja.

"Haba masoyina, ciki gare ni fa..."

"Share hawayenki, 'yar lelena. Cikin kaki zan dawo, fuska fes ba baƙin kwal. In ga ta inda tsohon nan zai ɓullo kuma!"

Kaico! Sojoji na jin sana'arsa suka miƙa masa diga, suka sa shi haƙa rami ƙarƙashin abokan gaba a Faransa. Yana da shekara ashirin da biyu takardar mutuwarsa ta iso. Effie ta haihu, mahaifinta bai leƙo ba.

Bayan yaƙi wani soja mai ɗingishi, Wendell, ya zo ƙofarta, hula a hannu.

"Godiya na kawo. Mijinki ne ya..."

"Dakata. Ba ni kaɗai zan ji ba."

Ta saɓi ɗanta, ta ja baƙon har ƙofar mahaifinta.

"Rami ya rufta da mu, mu bakwai," in ji Wendell. "Manyan soja suka ce a haƙura, mun mutu. Lauchie kuwa ya kara kunne a bango ya ji muna buga dutse. Ya ce a garinsu ba a barin mai ƙwanƙwasa."

Rory ya ɗago. "Awa nawa ya yi yana haƙa?"

"Sha tara."

"Da katakon tokare rufi?"

"Ya ƙare tun a awa ta goma. Ni ne na ƙarshe da ya turo waje, sannan..."

"Ya ji rufin zai faɗo," tsoho ya katse shi. "Rufi ba ya faɗowa bai yi ƙara ba. Yaron nan ya ji, kuma ya tsaya."

Effie ta fashe da kuka. Ta gode wa Allah da ya sa ta san mijin nan nata, ko da na ɗan lokaci ne.

"Baba..."

"Na zalunce ku, 'yata." Ya miƙo hannuwansa masu shuɗin tabon kwal. "Yaya sunan jikan nawa?"

"Lauchie."

"To me kike jira? Shigo min da Lauchie ciki, sanyi zai kama shi!"